Kafin Ka Ɗaura wa Shamuwa Sirdi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa.

Daga Abarshi ɗan Tanko, a nan Dakoro, zuwa ga ɗana Magaji. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Rabi, ya tsare ku daga ɓarayin hanya da ƙishirwa da ɓatan kai, ya sauke ku Tagiris cikin aminci.

Bayan haka. Innarka za ta ɗinke takardar nan cikin fata ta sa maka a jakar guzuri, na kuma ce ta gaya maka kada ka buɗe sai kun yada zango a rijiyar farko. Ka san dalili. Kai ɗan fari ne, tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido da ido na yi maka doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Haka muka tarar ana yi, ban kuma ce laifi ne ba. Amma akwai maganar da kunya ta danne mini shekara da shekaru, ga shi surukinka ya kira ka ka riƙe masa rijiya da garke, za ka yi nisa. Ni allona tun ina yaro na jingine shi saboda dawaki, shi ya sa na zo zauren Malam Isuhu da hantsi, ina faɗa yana rubutawa. Ya ce takarda wuya gare ta a ƙasar nan, in taƙaita. Na ce masa ya dai ƙara wa tawada ruwa.

Shekaranjiya a bakin turke ka ɗaga mini murya, abin da ba ka taɓa yi ba. Na ba ka goɗiyarmu Shamuwa ka tafi da ita, ban kuma janye kyautata ba. Abin da na ce kawai, kada ka sa ta tseren da za a yi a kwarin Tarka bayan girbi, lokacin da makiyaya ke dawowa daga arewa, domin tana da ciki. Sai ka ce mini, "Baba, cikin wata ukku ne hwa, ranar tseren bai wuce biyar ba. Kai ma ai can Tarka kac ci tsere, har yau ana waƙar ka. Mi ya sa ni kaɗai za a hana?" Na juya na tafi, na san ka ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, ɗana. Tsoro ne ya kama ni, don na ji muryata a bakinka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina tsoron goɗiyar nan ta raba ni da kai, kuma zan gaya maka inda tsoron ya fito.

Ka san asalin jininta, amma bari in maimaita don ya shiga takarda. Kakanka Tanko ya tsinci wani Ba'azbine kwance gindin aduwa, ayarinsu ya wuce ya bar shi da zazzaɓi, ya kawo shi gida ya yi jinyarsa damina guda. Shekara ta kewayo mutumin ya dawo yana jaye da ƴar duƙusa mai ɗigo-ɗigo, jinin dawakin dutsen Azbin, irin waɗanda ba a kai su kasuwa. Kakanka ya sa mata suna Zabuwa. Tun daga ranar muke sa wa goɗiyoyinmu sunan tsuntsaye, muke kuma bin ka'ida biyu da Ba'azbinen ya bar mana: mace ba a sayar da ita, mai ciki ba a sa ta gudu. Da nonon raƙumi da jiƙaƙƙen gero aka rene ta, wata rana ma ita ta sha mu muka kwana da kunu tsararo. Ni da ita muka girma, na fi sanin numfashinta a kan karatuna.

Tserena na farko a Rumbu ne, ranar kasuwa bayan sallar layya, ina da shekara goma sha bakwai ko kusa da haka. Dawaki tara aka jera daga gindin wani gawo, za a kewaye tudun yashi a dawo bakin rijiya. Kusa da ni wani tsoho ne mai suna Ɗan Baro, a kan wani jan doki ramamme, haƙarƙari a waje, sirdinsa duk faci. Na dube shi na ce, "Baba, in kun gaji ku tsaya gindin gawo, in na dawo sai in ɗauke ku." Ya yi murmushi ya ce, "Allah shi kai mu, yaro." Ana buga ganga na sakar wa Zabuwa linzami duka, don ƴan mata na tsaye a farkon fili, ina so su ga ƙurata. Sun kuwa gani. Kafin a kai tudu na ba kowa tazara, har ina waiwaye ina dariya. A bayan tudun yashi ne mai laushi, ƙafa na nutsewa har idon sawu, ban sani ba don ban taka wurin ba. Nan Zabuwa ta ƙarar da abin da ya rage mata. Ina jin ta tana neman iska sai ga jan dokin nan ya bi ta gefe, ta kan ƙasa mai tauri inda sabara ta tsiro, ya wuce ni sannu a hankali kamar mai zuwa gaisuwar suruki. Tsohon ya ce, "In ka gaji, yaro, ga gawo can." Na zo na shida. Wata guda ban leƙa kasuwar Rumbu ba.

Ka ji darasi na farko. Duk filin da za ka yi tsere a kansa, ka taka shi da ƙafarka tun ana gobe, ka san inda yashi yake da inda gafiya ta yi rami. Ka riƙe linzami a farko, ka bar masu son a gan su su wuce, sauri ya haifi nawa. In ka ga tsoho a kan mummunan doki, ka gaishe shi da ladabi ka bi sawunsa, ba banza ya tsufa a kan sirdi ba. Wannan ba a tsere kaɗai ba, har a zaman da za ka yi cikin dangin matarka, inda kai ne baƙo.

Shekara biyu bayan nan na ci a Badar Gula, kuma na ci da gaskiya. Na kwana biyu a garin ina taka fili, na riƙe ta har muka juyo, sannan na sunkuya na yi mata magana a kunne, ta miƙe. Dawaki goma sha ɗaya ta bari a baya. Wayyo, Magaji, daɗin nan ba shi da misali, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ba komai ba ne. Iska na kaɗa maka hawaye, kofato na amsa wa kofato, sai ka ji kamar ba a taɓa yin baƙin ciki a duniya ba. Na san abin da kake nema, ni ma na nema.

Amma ga abin da na yi bayan na ci. Maroƙa suka kewaye ni da kalangu, na diro na jefa ragamar ga wani da ban ma san ko wane ne ba, na shige cikin taro. Na tuɓe rigata na ba mai kalangu, na ba wani hulata, da an bar ni da wando ma na bayar. Sai da rana ta karkata na tuna da Zabuwa. Na same ta can bayan gari tare da kakanka. Ya kwance mata sirdi, ya jawo ta yana tafiya da ita sannu-sannu har gumi ya bushe, ya goge mata jiki da tsumma, yana duba kofatonta ɗaya bayan ɗaya yana cire ƙaya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wa yay yi gudun, kai ko ita?" Na ce ita. Ya ce, "To, na ga kai anka yi ma kiɗa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, muka dawo Dakoro yana gaba ina biye ba riga, rana na cin bayana.

Don haka ko ka ci ko an ci ka, kada ragama ta bar hannunka sai ka gama da dabbarka. Ka zagaya da ita har ta huce. Kada ta ga ruwa sai gumi ya bushe numfashi ya daidaita, sannan ka ba ta kaɗan, wanda ya sha rana a ƙwarya, ba na cikin rijiya mai sanyi ba. Maroƙa kuwa ka ba su abin da ya sawwaƙa ka wuce. Kirarin da suka yi maka yau, gobe za su cire sunanka su sa na wani, ko kalma ɗaya ba za su canja ba.

Yanzu na zo kan Tarka. Malam ya ce in sha ruwa tukuna, na sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ka sani shi ne abin da waƙa ta ce, wai Abarshi ya zo daga kudu a kan mai ɗigo-ɗigo ya kunyata baƙin ingarman Agali a gaban mutanensa. Gaskiya ne, an yi haka. Agali saurayi ne ɗan masu raƙuma, sa'ana, mai akawal ɗin da ba a taɓa wuce shi ba. Mun haɗu a bakin rijiya da bazara ya ce mini, cikin wasa ma ya faɗa, wai ya ji labarin kazar da nake hawa, in kawo ta Tarka bayan girbi a ga ko tana tashi. Mutane suka yi dariya. Dariyar nan ta kwana a cikina wata shida.

Lokacin Zabuwa ta riga ta haifi ƴa ɗaya, Kurciya, wadda aka yaye ba da daɗewa ba, kuma ta sake ɗaukar ciki. Da girbi ya zo cikin ya kai wata shida. Na je wa kakanka da maganar tseren, ya ce, "Ka san ka'ida. Baɗi in Allah ya kai mu." Na ce baɗi ingarman Agali ya tsufa, a ce na jira shi ne. Ya ce, "A ce." Bayan kwana uku na ce masa ciyawa ta ƙare a kusa, zan kai ta kiwo wajen kawuna. Ya dube ni har na sunkuyar da kai, sannan ya ce Allah shi kiyaye. Har yau ban sani ba ko ya gane.

Abin da na yi mata a hanya shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarka. Dattawan Tarka ba su yarda a jera goɗiya mai ciki, in sun gani za su fitar da ita. Don haka kwana biyu na rage mata ruwa da harawa, don cikin ya ɗame kada a lura. Ranar tseren na ja majayin sirdi, igiyar nan da ke kewaye ciki, na ja na ƙara ja har ta juyo da kai ta dube ni. Ba ta yi harbi ba, ba ta yi cizo ba, ta dai dube ni. Na rufa mata zane a kan kwiɓi kamar ado. Wani dattijo ya zagaya ta yana shafa gemu ya ce, "Wagga goɗiya ba ta da nauyi kuwa?" Na rantse masa da Allah cewa ƙiba ce.

Tseren mai tsawo ne, daga bakin kwari har wata tsamiya da ƙyar ake hango ta, a juyo. Duk abin da tsohon Rumbu ya koya mini na yi shi daidai. Na riƙe ta, na bi ƙasa mai tauri, na bar Agali ya ja gaba. Da muka juyo daga tsamiya saura mu biyu. Na sake ta, ta kamo shi, muka jera kafaɗa da kafaɗa. A nan na ji abin da ya kamata ya tsayar da ni. Numfashinta ya canja, ya koma wani gurnani daga can ƙasa, tafiyarta ta yi wata ƴar tangarɗa da babu wanda zai gane sai wanda ke kanta. Na gane sarai. Na san in na ja linzami a nan za ta rayu. Na hango taro, na ji ganga, na sa mata ƙaimi. Ban taɓa sa mata ƙaimi ba sai ranar. Ta ba ni abin da na roƙa, muka wuce shi da tsawon wuya.

Aka ɗauke ni sama ana guɗa. Wannan karon ban manta da ita ba, na ƙwace na koma, amma na makara da abin da bai fi a sha fura ba. Wasu bayin Allah sun ga tana rawar jiki, leɓe a bushe, suka tausaya mata suka jawo guga daga rijiya suka ajiye mata. Dabbar da ta kwana biyu da ƙishirwa, ta shanye. Ba laifinsu ba ne, ba su san abin da na yi ba. Kafin azahar ta kwanta tana birgima. Da la'asar ta zubar da ɗan, namiji, har ya yi gashi, da ɗigon uwarsa a gadon baya. Agali da kansa ya zo ya durƙusa, ya aika a tatso nonon taguwa, ya riƙe mata kai muna ɗura mata. Da ya ga ɗan a ƙasa ya dube ni ya ce, "Don maganata kay yi wanga?" Ya ce, "Da ka hwaɗa mani, da na jira ka baɗi." Rana ba ta faɗi ba ta cika, kanta a kan cinyata.

Wannan ita ce nasarar da ake yi wa waƙa. Duk ranar da aka rera ta a wurin biki kana ganina ina tashi in fita, kana cewa Baba ba ya son yabo. To yau ka san abin da ke fitar da ni.

Nasihata a nan gajera ce. Wanda ya zolaye ka a bakin rijiya, zuwa gobe ya manta, kai ne za ka yi ta dakon maganar, don haka ka ajiye ta tun a wurin. Ka faɗi gaskiyar halin dabbarka a gaban kowa, ba wanda zai raina ka sai wawa. In kana kan doki ka ji abin da ba ka so a numfashinsa, ka ja linzami nan take ko da saura taku goma. Cikin wata biyar da na wata shida, Magaji, duk ciki ne.

Amma ba mutuwar Zabuwa ce kuskurena mafi girma ba, kuma saboda abin da ya biyo baya na sa aka yi wannan takarda. Da gari ya waye na ɗauki sirdi a ka, na kama hanyar gida. Na yi tafiyar yini guda, na hango itatuwan da na sani, sai ƙafata ta ƙi. Na ga fuskar kakanka yana tambayata ina take, na ga ba zan iya ba. Na ba wani makiyayi sirdin na ce ya kai gidan Tanko a Dakoro, ni kuwa na juya. Na tarar da ayarin gishiri na bi su ina jan raƙuman mutane. Na ce in na samu abin da zan sayi goɗiya irinta sai in koma da ita a hannu. Irinta kuwa ba a sayarwa, na fi kowa sani. Shekara ta wuce, na ce yanzu ai kunyar ta zama biyu, ga kisa ga gudu. Haka na yi ta ƙara wa kaina kwana, daga Azbin zuwa Damagaram, daga can zuwa Kano, har shekara bakwai. Kai an gaya maka fatauci na tafi. Ba fataucin komai, gudun idon ubana nake.

Abin da ya dawo da ni ba jarumta ba ce, ciwo na yi a baƙon gari na ga zan mutu ba mai rufe mini ido. Na iso Dakoro da rana tsaka. Kakarka Hajo na sussuka a ƙofar gida, ta ɗago ta gan ni, taɓarya ta faɗi. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ka makara da damina guda." Ta kai ni ta nuna mini kabarin kakanka.

Na tambaye ta abin da ya faɗa ranar da makiyayi ya kawo sirdi, don na shirya jin tsinuwa. Ta ce ya karɓi sirdin ya rataye, ya tambayi makiyayin, "Shi yaron lahiyarshi lau?" Da aka ce masa lafiya, sai ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka dama fura aka ajiye, wai zan iso da yunwa. Ta ce kwana uku ana dama furar nan ana bai wa maƙwabta. Labarin cikin da ƙishirwar duk ya iso masa daga bakin mutane, bai ɓoyu ba. Ta ce ya yi kwanaki ba ya magana, amma duk wanda ya zage ni a gabansa sai ya ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sannan ta ja ni bayan gida wajen turke. Ga wata goɗiya tsaye, ƙatuwa, ta yi ƙiba har wuya ya naɗe, tana hararata. Kurciya ce, ƴar da na bari an yaye. Na duba bayanta ban ga tabon sirdi ko ɗaya ba, na duba bakinta ban ga alamar linzami ba. Na ce wa ke hawan ta. Kakarka ta ce, "Ba kowa. Kawunnanka sun roƙa, masu dawaki sun zo daga nesa da raƙuma, shekarar fari ma munka ci ganye da ita tsaye nan. Kullum sai shi ce a bar ta, mai ita na tahe, shi za ya hwara hawa."

Kai mai doki ne, ba sai na fassara maka ba. Goɗiya mai wannan jini, shekarunta na gudu daga uku ne zuwa bakwai, kuma kakanka ya fi kowa sanin haka. Mutumin da ba ya barin ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, ya tsaya yana kallon goɗiyar da ta fi kowace a ƙasar nan tana tsufa a turke, don kada in dawo in ga wani ya riga ni. Ni kuwa ina can ina jan raƙumin wani, ina cewa ba zai yafe mini ba. Na rungume wuyanta na yi kukan da ban yi a Tarka ba, ita kuwa ta cije ni a kafaɗa, tabon na nan.

Na hore ta da ƙyar, don ta saba da mulki. Shekara mai zuwa na kai ta Rumbu na jera ta da ƴan shekara huɗu. Mun zo na ƙarshe, har masu tallan fura sun fara watsewa, ana ta yi mana dariya. A duk tseren da na yi a duniya ba wanda nake tunawa da daɗi kamar wannan. Daga baya ta haihu, ƴarta ta haifi Shamuwa a tsufanta, ita kaɗai ce mace da ta rage mana. Ingarman da ya hau ta bana kuwa jikan akawal ɗin Agali ne, ni na kai ta da kaina. In ka isa Tagiris ka nemi tsoho Agali, can yake zaune, yana nan da rai, ka gaishe shi ka ce Abarshi na tambayar gwiwarsa.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su, amma uba ba ya gajiya da maimaici. Kanwa sau ɗaya a bakwai, kada ka wuce. Ka duba mata kofato kowace safiya, ƙasar can ƙaya gare ta. Ba ta son a zo mata ta hagu. Kada ka bar Rabi ta yi ta ɗaukar mata ruwa ita kaɗai don kai kana hira da masu dawaki, na yi wa innarka haka shekara biyu har ta ce in je in kwana a turke tunda can aka ɗaura mini aure. Ka riƙe sallarka, ka girmama surukinka, kada ka yi rantsuwa a kan dabba.

Shamuwa taka ce yanzu, ba ni da iko a kanta. Na roƙe ka ka bar ta ta haihu, Tarka na nan baɗi, ba inda kwari zai tafi. Ina kyautata maka zato, ka fi ni hankali lokacin da nake shekarunka. Amma na san zuciya, na san abin da ganga ke yi wa mai jini a jika, kuma ba zan kasance a wurin ba in riƙe maka ragama. Saboda haka ka saurari wannan da kyau, ya fi duk abin da Malam ya rubuta tun hantsi. In shaiɗan ya rinjaye ka ka sa ta, in abin da nake tsoro ya faru, ko ta zubar, ko ta karye, ko ta mutu jinin Zabuwa ya ƙare a hannunka, ka taso ka zo gida a ranar. Kada ka aiko da sirdi, ka kawo shi da kanka. Zan yi fushi, watakila in yi kwana uku ban yi maka magana ba, sai ka zauna a zaure ka jure, innarka za ta ba ka tuwo. Na yafe maka tun yau, tun ba ka yi ba, Malam Isuhu shaida ne. Ni ba ni da shekara bakwai da zan jira ka, ɗana, idona ya fara hazo, gwiwata ba ta kai ni gona. Na iya rashin doki, na taɓa yi. Rashinka ne ban iya ba.

Innarka na gaishe ku, ta ce a gaya wa Rabi daddawar na ƙasan jaka, kada ta bari ta jiƙe. Ƙannenka na gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka shiga Tagiris da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka haƙurin da ni ban samu da wuri ba. Allah ya sauki Shamuwa lafiya. Allah ya jiƙan Tanko, ya sa ya ji a kabarinsa cewa na faɗa. Allah ya yi maka albarka, ya maido mini da kai ina da sauran gani. Amin.

Wassalam. Daga mahaifinka, Abarshi.